Ɗan Rakiyar da Aka Baro a Misra

Duk Samaru Malam Auwalu ake ce masa, wasu ma har da Ustazu, amma ni ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Ɗanasabe. Ranar Asabar aka haife shi, kakarmu ta laƙaba masa sunan, ya girma ya tsane shi, ni kuwa na riƙe shi gam saboda ya tsane shi ɗin. Taubashina ne, babana da babarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Tun muna yara a Hayin Dogo kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne, kuma har ya bar duniya ba mu raba wannan gardamar ba. Shi ma ba ya ce mini Raudatu, sai Ƙazama, ko da a gaban ɗalibaina na firamare ne.

Sana'arsa rakiyar marasa lafiya zuwa Misra, kuma ba ita ya tashi da niyyar yi ba. Ya yi karatun Larabci a Sudan, ya dawo da takardu da dogon buri, ya ƙare a wata Islamiyya da albashinta sai an ga dama. Ana nan sai wani maƙwabcinsu ya kamu da ciwon ƙoda, likita ya ce a gwada Alƙahira, 'ya'yan suka rasa wanda zai yi musu tafinta. Aka roƙi Ɗanasabe. Ya tafi da mutum a kwance, ya dawo da shi yana takawa da ƙafarsa. Daga nan labari ya bazu daga Samaru zuwa Sabon Gari har cikin birni, duk gidan da aka ce a fitar da mara lafiya sai ka ji an ce a nemo Malam Auwalu.

Sunan aikin tafinta, amma tafintar ita ce mafi sauƙi a ciki. Shi ne mai neman ɗakin haya, shi ne mai tura keken majinyaci, shi ne mai bin layin kemis. A akwatinsa akwai kuka da daddawa da garin kunu, domin ya ce tsoho in bai sha abin da ya saba ba, magani ma ba ya kama shi. Manya-manyan alhazan da 'ya'yansu ba sa iya tsayawa a kansu in sun ɓata shimfiɗa, Ɗanasabe ya yi musu tsarki ya sa musu wando, kuma bai taɓa dawowa ya faɗa wa kowa ba. Ni da nake tsokanarsa kullum, na sha yi masa bugun ciki ko zai ba ni labarin wani, sai ya ce in je in yi wanka tukuna.

Yana da ƙa'ida guda da yake taƙama da ita: ba ya hawa jirgi ya bar mutum. In an warke, tare za su sauka a filin jirgin Kano. In kuwa kwana ya ƙare a can, shi zai yi wankan da hannunsa, ya tara ɗaliban Najeriya a yi salla, ya tsaya har a rufe kabari, ya sa alama ya ɗauki hoto. Sannan ya dawo da takalman mamacin da hularsa a cikin leda. Ba ya aikawa da su. Da kansa zai je gidan, ya zauna a tabarma a zaure, ya gaya musu abin da mutumin ya faɗa na ƙarshe, da wanda ya yi masa salla, da ɓangaren maƙabartar da yake kwance. Ya taɓa ce mini iyalan mamaci ba abin da suke son ji kamar cewa nasu bai tafi a wulaƙance ba, wani ya tsaya a kansa.

Kowace tafiya yana dawowa da tsaraba. Matarsa Naila abaya, yara dabino da alewa, tsofaffi man zaitun da habbatus sauda. Ni kuwa tsarabata ba ta canzawa: soson wanka irin na Misra, dogo, fari, mai kaushi. Zai miƙo mini a gaban jama'a ya ce ko Allah zai sa a dace wannan karon. Ni kuma in ce bawa ai dama aikinsa ke nan, ya sayo wa uwargijiyarsa soso.

Aibinsa ɗaya, kuma shi ya kashe shi, ba korona ba. Kara. Masu jinya kan danƙa masa kuɗin tafiya su ce, Malam, ka yi duk abin da ya dace. To abin da ya dace a wurin Ɗanasabe shi ne mara lafiya ya kwana a gado shi ya kwana a ƙasa, mara lafiya ya ci kaza shi ya ci wake da burodi. Tsoronsa kada a wayi gari wani ya ce ɗan rakiya ya ci kuɗin jinya. In ya dawo har canji yake mayarwa, su kuma su karɓa su sa aljihu suna yabonsa. Naila ta gaji da magana ta yi shiru. Ni ce ban gaji ba, ina ce masa inuwar giginya, na nesa ka sha.

Da annobar korona ta zo aka rufe hanya, ya yi wata da watanni a zaune babu ko sisi mai shigowa. Ya koma koyar da yaran maƙwabta a ƙofar gida, Naila na riƙe da gidan da kekenta na ɗinki. Saboda haka da aka buɗe filayen jirgi, kuma aka zo nemansa daga Unguwar Gabas, murna ya yi kamar an yi masa kyautar kujerar Makka. Alhaji Ahmadu ne, babban dillalin takin zamani, ake so a kai a yi masa aikin ƙashin baya. Babban ɗansa Faruku ne ya zo da maganar. Na tambayi Ɗanasabe me ya hana Faruku raka ubansa da kansa, ya ce harkoki sun yi masa yawa. Na ce harkoki ko tsoron cuta? Ya ce ni dai ban iya kyautata zato ba.

Tikiti da inshorar tafiya duk a wurin Madam Bibiana yake yi, wata mai ofishin shirya tafiye-tafiye a PZ, a saman wani shagon littattafai. 'Yar ƙabilar Ibo ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ranar da zai je na bi shi, domin ina da sayayya a kasuwa. Don haka abin da aka yi a ofishin nan ba labari aka ba ni ba, ina zaune a kan benci aka yi shi.

Madam Bibiana ta ce, “Malam, yanzu inshora iri biyu ce. Akwai tsohuwar da ka saba, ta haɗari da ɓatan kaya da ciwon da ya faɗo wa mutum a hanya, amma ta cire annoba ƙarara. Akwai sabuwa mai tsada, wadda in korona ta kama mutum za su biya asibiti da ɗakin killacewa da tikitin dawowa. Ku biyun zan yi wa sabuwar.”

Ya ce, “Yi wa Alhaji sabuwar. Ni bar ni da tawa.”

“Haba Malam. Kai ne fa mai shiga asibiti kana fita, kai ne mai zuwa kasuwa, kai ne mai shiga motar haya. Alhaji yana kwance a ɗaki.”

“Madam, amanar kuɗin jinyar ubansu mutanen nan suka ba ni. Da wane baki zan ce na yanki nawa don kada in yi ciwo? Ni lafiyata ƙalau. Mai rakiyan mara lafiya ai ba ya fara lissafin nasa ciwon.”

Na kasa haƙuri na sa baki. Na ce, “Ɗanasabe, ɗauki waya ka kira Faruku ka gaya masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Ya yi dariya ya ce, “Madam, ji wadda ke zancen wanka.”

Madam Bibiana ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki wayarta ta kira Faruku a gabanmu, ta sa mu duka muna ji, ta yi masa bayani dalla-dalla, ta ce Malam ya zaɓar wa kansa wadda ba ta ɗaukar korona. Faruku ya ce, “To ai Malam ya fi mu sanin tafiyan nan. Duk yadda ya tsara daidai ne.” Ɗanasabe ya sunkuyar da kai don kunya, kamar shi aka kama da roƙo. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce an ɓoye wani abu a cikin takarda, ko an yaudari wani da Turanci. Ba abin da aka ɓoye. Kowa ya ji da kunnensa, da Hausa.

Aikin Alhaji ya yi kyau. Ɗanasabe ya yi ta turo hotuna, ga Alhaji a zaune, ga Alhaji yana takawa da sanda, ga Alhaji yana shan kunun tsamiya a tsakiyar Alƙahira. Da lokacin dawowa ya yi, dole a gwada kowa kafin ya hau jirgi. Na Alhaji ya fito babu komai. Na Ɗanasabe ya nuna korona.

Shi da kansa ya ce Alhaji ya tafi, kada ya shafa masa. Daga cikin ɗaki, ta waya, ya shirya wanda zai kai shi filin jirgi da wanda zai tura masa keke har ƙofar jirgin. Ya haɗa akwatin tsarabarsa cikin kayan Alhaji don in ya warke ya taho da jaka kawai. Faruku ya kira shi ya tambayi jiki, ya ce ba komai, mura ce, kada su damu. Mutumin da bai taɓa barin kowa ba, aka bar shi, kuma shi ya riƙe musu ƙofa.

Da farko saƙonninsa na murya da wasa suke zuwa. Ya ce in gaya wa Ƙazama sosonta na hanya, ta fara tara ruwa. Daga baya saƙon ya fara gajarta. Naila ce ta fara ganewa, ta kawo mini wayar ta ce, “Yaya Rauda, saurari bayan maganar, kar ki saurari maganar.” Na kara a kunne. Tsakanin kalma da kalma yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Muka matsa masa, sannan ya faɗi gaskiya. Asibitocin da ya sani sun cika, na kuɗi kuma ba sa karɓar baƙo sai ya ajiye abin da ba shi da shi, ko ya nuna inshorar da ta ɗauki cutar. Canjin da ya rage na jinya kuwa ya riga ya sa wa Alhaji a aljihu.

Muka hau Keke mai ƙafa uku muka nufi PZ, ni da Naila. Madam Bibiana ta kira kamfanin inshorar tana roƙo, tana faɗa, tana sake roƙo. Wata murya mai ladabi ta yi ta maimaita mata cewa suna taya mu jimami, amma annoba ba ta cikin abin da ya saya. Da ya faɗi a matakala ya karye, da sun biya. Da akwatinsa ya ɓata, da sun biya. Ta ajiye wayar ta share ido, ta buɗe jakarta ta ba Naila abin da ke ciki duka, ta ce mu je gidan Alhaji yanzu-yanzu, kada mu tsaya jin kunya.

Mun tarar da rumfa a ƙofar gidan. Walimar godiya ake yi, Alhaji ya dawo lafiya. An yanka sa, ana ta shiga da fita da kulolin shinkafa. Aka kai mu falo, ga Alhaji a kishingiɗe cikin farar shadda yana ba baƙi labarin Misra. Da aka gaya masa ko mu su wane ne, fuskarsa ta washe.

Ya ce, “Allahu Akbar, iyalin Malam Auwalu! Jama'a, yaron nan ko ɗan cikina bai yi mini abin da ya yi mini ba. Allah ya ba shi lafiya, Allah ya dawo mana da shi.”

Falo ya ɗauka da amin. Naila ta durƙusa tana so ta yi magana, kuka ya ci ƙarfinta. Ni na ce, “Ranka ya daɗe, jikin ya yi tsanani, asibiti ake nema a kai shi.” Ya ɗaga hannu ya ce a yi magana da Faruku, shi ke riƙe da komai yanzu.

Faruku ya ja mu gefe, kusa da inda ake wanke kwanuka. Ya ce, “Malama, ai Malam da bakinsa ya ce mini mura ce. Kuma ba an yi masa inshora ba?”

Na ce, “Kana ji a waya aka ce tasa ba ta ɗaukar korona.”

“To shi ya zaɓa, ni ban hana ba. Ku ɗan ba ni lokaci, aikin Baba ya cinye mu. Zan ga abin da za a yi.”

Ya sa aka zuba mana shinkafa da nama a leda. Na so in watsa masa ita a shaddarsa, Naila ta riƙe mini hannu. Har yau ina jin haushin da ta riƙe ni. Kunyar mara kunya asara ce, kuma gidanmu mun yi asarar da ta ishe mu.

Naila ta sayar da keken ɗinkin da 'yan kunnenta. Ni na roƙi a ba ni kwasar adashina kafin lokaci. Wata tsohuwa daga unguwar Jama'a, wadda Ɗanasabe ya taɓa kawo wa takalman mijinta, ta ji labari ta zo da ƙafa, ta kwance bakin zaninta ta juye abin da ke ciki. Masu manyan gidajen da ya wanke wa iyaye kuwa, addu'a suka yi ta turowa ta waya. Kafin abin ya haɗu a tura, wayar Ɗanasabe ta daina ɗauka.

Wata safiya wayar Naila ta yi ƙara da lambarsa. Ta ɗauka, sai ta ji muryar wani dattijo yana zuba Larabci. Duk gidan aka rasa mai ji, domin mai jin Larabcin gidan shi ne ake magana a kansa. Na karɓi wayar na fita ko mayafi ban gyara ba, na kai wa limamin unguwa. Liman ya saurara, ya yi salati, ya zauna a kan dakali. Mai gidan hayar ne. Ya ce ya ji shiru ya buɗe ɗakin, ya kira motar asibiti ta ɗauki Ɗanasabe, bayan 'yan kwanaki aka gaya masa ya cika. Masu rigar leda ne suka binne shi tare da sauran waɗanda annobar ta ɗauka. Bai san wace maƙabarta ba, ba a bar kowa ya bi ba.

Haka muka yi zaman makoki ba gawa, ba makara, ba wanda zai ce na gani. Mutanen gidan Alhaji sun zo cikin motoci, sun kawo buhun shinkafa da katan ɗin taliya. Masu gaisuwa suka yi ta cewa ai mutuwar annoba shahada ce, kuma ya mutu a ƙasar annabawa. Na yarda, Allah ya sa haka. Amma Naila ba wannan take tambaya ba. Duk wanda ya shigo ta ji an ce ya taɓa zuwa Misra, sai ta ɗago kai ta ce ko ya san inda suke binne irin waɗannan. Ɗaliban can sun yi ƙoƙari, sun bi ofis-ofis, kowa ya tura su gaba.

Bayan an yi sadakar arba'in, Faruku ya zo da kansa. Akwatin tsarabar ya kawo. Ashe tun ranar da Alhaji ya sauka yana cikin sitonsu, an manta da shi a bayan buhuna. Naila na cikin takaba, don haka ni na fita zaure na karɓa. Daga bayan labule ta ce, “Yaya Rauda, tambaye shi ko sun ji wanda ya yi masa wanka.”

Faruku ya ce, “Wallahi Allah kaɗai ya sani. Sai haƙuri.”

Na ja akwatin ciki muka buɗe. Ga abayar Naila, ga dabinon yara ya bushe ya manne da leda, ga man zaitun na tsofaffi. Ba takalmansa, ba hularsa, domin waɗannan suna jikinsa lokacin da ya rufe akwatin. A can ƙasa ga sosona, dogo, fari, an ɗaure shi da zare. Na ɗauka na riƙe, na rasa abin da zan yi da shi. Mutumin da ya wanke iyayen mutane da hannunsa, ga soso ya aiko mini, ni kuma ban san ko an zuba masa ko da ruwan buta ba.

Na fita in sallami Faruku da soson a hannuna. Ya miƙe ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya rage sauti.

Ya ce, “Malama, na san lokacin bai dace ba. Likitan Baba ya ce a mayar da shi a duba aikin bayan salla. Ko kin san wani a danginku mai jin Larabci? Irin Malam dai muke so, mai amana, wanda ba ruwansa da yawan buƙatu.”

Na dube shi. A raina na ce an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, yanzu kuma wata gangar ake nema. A fili na ce, “Guda ɗaya muke da shi, kuma yana can inda kuka baro shi. In kun je ku tambayo mana kabarin.”

Ya ce in sha Allahu, ya shiga mota. Sun je bayan salla, da wani yaro daga cikin birni, sun dawo lafiya. Naila ta aika a tambaya, aka ce ba su samu lokaci ba.